Gumin Da Ke Cikin Sukari: Tarihin Indiyawan Da Rake Ya Raba Da Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Makarfi, ko Kudan, ko Ikara, ba sai an yi masa bayanin rake ba. Da zarar damina ta ja baya, hunturu ya fara busawa, sai ka ga manyan motoci jere a bakin fadama ana lodin rake zuwa Kano da Legas har da Nijar. Can gefe kuma doki na zagaya injin matsa, hayaƙi na tashi daga inda ake dafa mazarƙwaila. Da rake aka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta, da shi kuma aka yi wa wasunmu aure.

A farkon shekarun 1980, ina ɗan sakandare, muna da wani malamin lissafi Ba'indiye, gajeren mutum mai tabarau da tsohon keke. Allah Ya yafe mana, mun wahalar da bawan Allahn nan. Da ya juya baya zai yi rubutu a allo sai mu shiga kwaikwayon Turancinsa da yadda yake kaɗa kai, wasu kuma su riƙa rera waƙoƙin finafinan ƙasarsu ƙasa-ƙasa. Wata rana ya kama ni ina gutsurar mazarƙwaila a aji. Na riga na sadaƙar bulala zan sha. Sai ya karɓa, ya ɓalli kaɗan ya sa a baki, ya yi shiru kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Can ya ce a garinsu ana kiran wannan abu gur, kuma tun da ya zo Nijeriya bai ɗanɗana shi ba sai ran nan. Ya ƙara da cewa akwai ƙanen kakansa da aka ɗauka a jirgin ruwa zuwa noman rake a Afirka ta Kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Muka bushe da dariya, don a tunaninmu na yara Ba'indiye ba ya noma, sai rawa da waƙa cikin furanni.

Bayan darajar naira ta faɗi a 1986, malamin nan ya tattara ya koma. Ban taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. Wannan maƙala ƙoƙari ne na biyan wani abu daga bashin dariyar nan, ta hanyar bin sawun mutane irin ƙanen kakan nasa.

Daga Bauta Zuwa Girmit

Mu fara da ita kanta kalmar sukari, tun da sana'armu ta kalmomi ce. Mun aro ta daga Larabci, Larabawa sun samo ta daga Farisanci, Farisawa kuma daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit, domin a ƙasar Indiya aka fara gano dabarar dafa ruwan rake har ya daskare. Daga baya Turawa suka kai noman rake tsibiran Karebiyan da ƙasashen Amurka, inda suka ɗora shi a wuyan bayin da aka kwasa daga Afirka.

A 1833 majalisar Ingila ta zartar da dokar hana bauta a ƙasashen da take mulka, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1834. Bayin da aka 'yanta suka fara barin gandayen, don babu mai son ya ci gaba da kwana inda aka daɗe ana dukansa. Masu gandu suka ga rake zai bushe a tsaye, sai suka juya ga Indiya, wadda ita ma tana hannun Ingilishi, ga kuma yunwa da bashin ƙasa sun addabi manoma. Ranar 2 ga Nuwamba, 1834, jirgin ruwa mai suna Atlas ya sauke leburori 36 a tsibirin Morishas. Giyana ta karɓi nata a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Fiji a 1879. Kafin a dakatar da wannan ɗauka a 1917, an fitar da mutum fiye da miliyan ɗaya daga Indiya.

Yadda abin yake shi ne, dillali zai tare mutum a kasuwa ko tashar jirgi, ya yi masa romon baka cewa akwai aiki mai sauƙi da kuɗi mai yawa a wani wuri ba nisa. Sai a kai shi sansani a Kalkata ko Madaras, a karanta masa takarda da harshen da ba ya ji, ya dangwala babban yatsa. Takardar ta ɗaure shi shekara biyar a hannun ubangida ɗaya. Da yake bakinsu bai iya furta kalmar Turanci ta yarjejeniya ba, sai suka riƙa cewa girmit, su kansu kuma aka kira su girmitiya. Tafiyar teku kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku gwargwadon nisa, kwalara da atini na kashe wasu a hanya. Ga mabiya addinin Hindu da yawa, tsallake teku kaɗai ya isa ya zubar wa mutum da matsayin asalinsa, don haka ko ya dawo gida ba lallai dangi su ci abinci da shi ba. A cikin jirgi kuwa an cakuɗa kowa da kowa, Hindu da Musulmi, mai asali da marar shi, har suka ƙirƙiro wani sabon zumunci, suna kiran juna 'yan'uwan jirgi.

Natal: An So Gumi, An Ƙi Mai Gumin

Ranar 16 ga Nuwamba, 1860, jirgin Truro ya iso Darban daga Madaras da mutum 342. Daga wannan shekara zuwa 1911 an kai Indiyawa fiye da 152,000 Natal. Albashin namiji sule goma ne a wata a shekarar farko, ana ƙara sule ɗaya kowace shekara, da ɗan awon shinkafa ko garin masara. Aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Duk wanda ya taɓa saran rake ya san ƙaiƙayinsa da yadda ganyensa ke yanka fata, to a ɗora wa wannan sarkin gandu mai bulala a tsaye a kanka. Lebura ba shi da ikon yin nisa da gandu sai da takardar izini, in kuwa ya kwanta ciwo a yanke masa albashi. Ƙa'ida ta ce a kawo mata arba'in ga kowane maza ɗari, mai karatu kuwa ya san irin fitinar da wannan zai haifar a bariki. A 1871 rukunin farko da suka koma Indiya suka kai ƙarar duka da riƙe albashi, har aka kafa kwamitin bincike a 1872.

Muddin Ba'indiye yana cikin gandu, Turawan Natal ba su da matsala da shi. Rigima ta tashi ne sa'ad da waɗanda suka gama wa'adi suka ƙi komawa, suka kama hayar 'yan filaye suna noman kayan lambu, wasu suna kamun kifi, wasu talla. Sannan ga fatake daga Gujarat, yawancinsu Musulmi, da suka biya kuɗin jirginsu da kansu suka buɗe kantuna suna karya farashi. Sai dokoki suka fara zubowa. A 1895 aka sa harajin fam uku a shekara a kan duk wanda ya gama wa'adinsa bai koma gida ba, bai kuma sake ɗaura wani girmit ba. Fam uku sule sittin ke nan, wato albashin wata shida cur na sabon lebura. A 1896 aka toshe musu hanyar jefa ƙuri'a. Duk da haka ƙidayar 1904 ta nuna Indiyawa sun ɗara Turawa yawa a Natal.

Cikin wannan hali ne wani matashin lauya, Mohandas Gandhi, ya iso a 1893 don shari'ar wani attajiri Musulmi, Dada Abdulla. Ranar 7 ga Yuni na shekarar aka fitar da shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg, saboda ya zauna a taragon da aka keɓe wa Turawa alhali ya biya kuɗinsa. Ya kafa ƙungiyar Indiyawan Natal a 1894, da jaridar Indian Opinion a 1903. Da gwamnatin Transvaal ta tilasta wa kowane Ba'indiye yin rajista da dangwala yatsu kamar mai laifi, sai suka taru a harabar masallacin Hamidiya a Johannesburg cikin Agustan 1908, suka ƙone katunan shaida fiye da 2,000.

Amma abin da ya karya gwamnati ya fito ne daga talakawa. A 1913 wata kotu ta yanke cewa auren da ba a ɗaura bisa tsarin Kirista ba, ba aure ba ne a idon doka, wato matan Musulmi da na Hindu duk sun zama ƙwarƙwarori ke nan. Mata suka fito. Masu haƙar kwal a Newcastle suka ajiye aiki, fiye da mutum 2,000 suka taka da ƙafa suka tsallaka iyakar Transvaal ba izini a watan Nuwamba, yajin ya bazu zuwa gandayen rake. An harbe wasu, an ɗaure dubbai. Wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Valliamma ta fito daga kurkuku da ciwo, ta rasu a Fabrairun 1914. A shekarar aka soke harajin fam uku, aka kuma amince da aurensu.

Tarihi ba ya son a ɓoye rabinsa. Shi Gandhi ɗin nan, a shekarunsa na farko a Afirka ta Kudu, ya rubuta kalaman raini a kan baƙar fata, kukansa a lokacin shi ne kada a haɗa Ba'indiye da su a layi ɗaya. Wannan ne ya sa aka cire mutum-mutuminsa daga Jami'ar Gana a 2018. Turawa sun gina bene ne mai hawa uku, su a sama, Ba'indiye a tsakiya, ɗan ƙasa a ƙasa, na tsakiya kuwa yana shan raini daga sama, yana shan haushi daga ƙasa, shi ma yana sauke nasa a kan na ƙasa. A Janairun 1949 rikici ya ɓarke tsakanin Zulu da Indiyawa a Darban, mutum 142 suka mutu. Sai dai daga cikin jikokin baƙin nan ne kuma aka sami irin su Ahmed Kathrada, wanda aka yanke wa ɗaurin rai-da-rai tare da Nelson Mandela a 1964, ya yi shekara 26 a tsare.

Layin Dogo Da Korar Idi Amin

A Gabashin Afirka layin dogo ne ya kawo su. Tsakanin 1896 da 1901 Ingilishi suka shimfiɗa dogo daga Mombasa zuwa Kisumu a bakin tafkin Victoria, kusan mil 580, da leburori kimanin 32,000 daga Indiya. Kusan 2,500 sun mutu a bakin aiki, yawanci da zazzaɓi da atini, wasu kuma zakoki biyu suka cinye su a Tsavo a 1898. Akasari sun koma gida, kimanin 6,700 suka zauna, fatake kuma suka biyo dogon suna kafa kanti a kowace tasha. Da ƙasa ta buɗe, sai aka keɓe tuddai masu albarka na Kenya ga Turawa zalla, aka hana Ba'indiye mallakar gona a can, aka ware masa unguwa da makaranta da asibiti.

A nan ma rake bai rabu da su ba. Nanji Kalidas Mehta ya kafa masana'antar sukari a Lugazi ta Yuganda a 1924, Muljibhai Madhvani ya kafa tasa a Kakira bayan 'yan shekaru. A nan ma an sami waɗanda suka tsaya tare da 'yan ƙasa, kamar Makhan Singh, jagoran ƙungiyoyin ma'aikata a Kenya, wanda Turawa suka tsare daga 1950 zuwa 1961 saboda ya nemi a ba ƙasar 'yanci. Amma yawancin jama'a abin da suke gani shi ne mai kanti da ba ya aurar musu da 'yarsa, ba ya cin abincinsu. A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su fice. Dubban mutanen da aka haifa a Kampala da Jinja, waɗanda ba su taɓa ganin Indiya ba, suka bar gidaje da kantuna, Ingila kaɗai ta karɓi fiye da 27,000. Kafin 'yan shekaru masana'antun nan suka durƙushe, ƙasar da ke sayar da sukari waje ta koma nemansa kamar magani. Sai bayan Museveni ya hau mulki a 1986 aka ga da yawa sun dawo sun karɓi dukiyarsu.

Mu Fa A Nan Gida?

Ba a kawo 'yan girmit Nijeriya ba, domin Turawa ba su kafa manyan gandaye irin na Natal a nan ba. Indiyawan farko fatake ne daga Sindh, kamar gidan Chellaram da ya fara ciniki a Legas a 1923. Su ma sun tarar da benen nan mai hawa-hawa, wanda duk ɗan ƙasar Zazzau ya san fasalinsa: Bariki ta Bature, Sabon Gari ta baƙi, Tudun Wada ta 'yan Arewa da ba 'yan birni ba, birni kuma na masu gari. Bayan 'yancin kai ne suka yawaita a Arewa. Da aka buɗe makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna a 1964, shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M. R. Varma. A 1979 gwamnati ta miƙa wa wani kamfanin gwamnatin Indiya tafiyar da reluwe na 'yan shekaru. Malaman lissafi da kimiyya da likitoci kuwa, daga Indiya da Pakistan, babu lardin da ba su shiga ba, har ƙauyukan da 'yan ƙasa masu digiri ke gudu.

Ba a kore su da bindiga ba, amma su ma takardar kwantiragi ce ta riƙe su, in ta ƙare sai a nemi tikiti. Dokar 1972 ta zamanin Janar Gowon, wadda aka ƙarfafa a 1977, ta keɓe ƙananan kasuwanci da gidajen silima ga 'yan ƙasa, ta tilasta wa baƙi sayar da hannun jari. Na san wani zai ce ai akwai masu masana'antu daga cikinsu da ke gasa wa ma'aikata aya a hannu. Akwai, kuma wannan ma abin rubutawa ne. Sai dai laifin mai masana'anta ba ya hawa kan malamin da ya koya mana lissafi da alli a hannu.

Abin da ya kamata ya fi taɓa mu shi ne, mu ma baƙi ne a wasu wurare. Kakanninmu sun bi fataucin goro zuwa Gwanja, suka kafa zango a Salaga da Kumasi, suka hayayyafa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, aka ga Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa cunkushe a manyan motoci, wasunsu can aka binne iyayensu. A Janairun 1983 kuma mu muka kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya, su ma mako biyu aka ba su. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Yau ma samarinmu na tura baron rake a biranen Kudu, 'yan ci-rani kuma na zuwa fadamunmu saran rake, suna kwana a rumfa, ba mu san sunayen garuruwansu ba.

Darasi Ga Marubuta

Yaya aka yi muka san abin da ya faru cikin gandayen Fiji da Natal? Takardun Turawa sun adana lambar kowane lebura da tsawonsa da tabon jikinsa, amma ba su adana abin da ke ransa ba. Wannan sai da wasu daga cikinsu suka buɗe baki. Totaram Sanadhya, wanda aka yaudara zuwa Fiji a 1893, ya dawo Indiya a 1914 ya zauna da wani matashin marubuci, Banarsidas Chaturvedi, yana faɗa ana rubutawa. Littafin shekaru 21 da ya yi a can ya fito da harshen Hindi, ya tayar da hankalin jama'a, ya kuma taimaka wajen kashe girmit ɗin baki ɗaya. Munshi Rahman Khan, wani malami Musulmi da aka kai Suriname a 1898, ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa. V. S. Naipaul na Tirinidad, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2001, jikan 'yan girmit ne.

Muna da misalin haka a ƙofar gidanmu. A garin Giwa, tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau yana cikin abin da ake dogara da shi wajen sanin zaman rinji da harin bayi da rayuwar mata a ƙasar nan kafin zuwan Turawa. Da an yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan.

Mu kuwa mun yi jinkiri a wurare da yawa. A 1943 da 1944 an kwashi dubban samarin Arewa a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa yaƙin Bama. Sun ga Indiya ta gaskiya, ta yunwa da leburanci, suka dawo suka tsufa a ƙofar gidajenmu muna wuce su, yanzu kusan duk sun tafi. Littattafanmu na soyayya sun ari abubuwa da dama daga finafinan Indiya, amma ban taɓa cin karo da wanda ya ɗauki Ba'indiye malami ko ɗan ci-rani mai saran rake ya mai da shi mutum mai suna da uwa da gari ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce kowa ya nemi tsoho ɗaya a unguwarsu wanda ya taɓa zama baƙo a wata ƙasa. Waɗanda aka koro daga Gana a 1969 wasunsu na nan da rai, haka waɗanda suka yi zaman Sudan a hanyar Makka. A je da waya a naɗi muryarsa, a tambaye shi shekara, da sunan gari, da kuɗin da ake biyansa, da abin da ya ci, da sunan da masu gari ke kiransa da shi in sun so cin mutuncinsa. A rubuta yadda ya faɗa, kada a yi masa kwalliya. In an sami dama kuma a gangara fadama lokacin sara, a zauna da baƙin da ke mana aiki, a yi musu irin waɗannan tambayoyi.

Ni dai nawa malamin ya tafi ban tambaye shi ba. In yana raye, Allah Ya ba shi lafiya. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon rubuta gaskiya, amin.